Kyautar da ba ta shiga akwati: yadda nake shirya wa mutum yinin shaƙatawa

Ranar da muka buɗe akwatin Inna muna neman wani tsohon mayafinta, na ƙirga turmin atamfa goma sha huɗu da tela bai taɓa gani ba. Uku daga ciki ni na sayo, har da wadda na yi wata biyu ina matse bakin aljihu saboda ita. Suna nan a ninke da takardunsu, sai warin kafur ke tashi. Na ce, "Haba Inna, waɗannan fa?" Ta ce, "Jiki guda gare ni, ɗiyata. Bar su nan, in ƙannenki sun tashi aure a zuba a lefe."

Jikina ya yi sanyi. Shekara da shekaru abin da muka iya ke nan: atamfa, leshi, turare, kula. Ita kuwa matar da ta raine mu da labarin Bayajidda, tana kwaikwayon yadda macijin ya fasa kai daga cikin rijiya har mu ƙanƙame juna, ashe ba ta taɓa taka Daura ba. Daura fa, da ba ta wuce tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Katsina ba. A bakinta na ji wata rana tana tsintar shinkafa, ba ma da ni take maganar ba.

Daga nan na koma ba mutane yini maimakon kaya. Na yi wa Inna, na yi wa maigidana, mun haɗu a ofis mun yi wa wata da za ta yi aure. Yawanci sun yi daɗi, ɗaya kuwa ya watse tun kafin a je ko'ina. Ga yadda nake yi yanzu.

Kunne kafin aljihu

Kada ki tambayi mutum abin da yake so. Bahaushe, balle babba, amsarsa ɗaya ce: "Ba komai, Allah ya yi albarka." Abin da rai ke marmari a gefen hira yake faɗowa. "Rabona da garinmu tun rasuwar Baffa." "Wai ya ake ɗaura ɗankwalin nan ne ya tsaya haka?" "Da ina yaro na so a ce na iya hawan doki." Ni da na ji irin wannan sai in rubuta a wayata, da sunan mai maganar. In sallah ta matso, ko aure, ko wani ya yi ritaya, sai in duba.

Kuskuren da na fara yi shi ne na kai Inna inda ni nake so. Wani gidan abinci ne na zamani, mai kujeru masu laushi da na'urar sanyi. Ta ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran layin ganin likita, ta ƙudundune cikin mayafi, da yaron ya ajiye faranti ta tambaye shi nawa ne. Ya faɗa. Ta ajiye cokali ta dube ni: "Tiya nawa ke nan ta shinkafa?" Ƙarshenta juye mana aka yi a roba, jikoki suka cinye a gida. Ranar ni na je yawo, ita rakiyar dole ta yi. To ki auna kyautar da jikin mai ita: ƙarfin gwiwarsa, kunyarsa, abincin da cikinsa ya saba da shi, da irin mutanen da yake sakewa a gabansu.

Yadda ake miƙa ta

Babba ba a ce masa "zan kai ki yawo". Zai ga ɓarnar kuɗi ce, ko ya ji kamar an mai da shi yaro. Ni cewa na yi, "Inna, ina da 'yar tafiya Daura ranar Asabar, ba na son zuwa ni kaɗai, ko za ki raka ni?" Nan take ta fara tambayar wane mayafi ya dace. Ita a ganinta taimakona za ta yi, ni kuma na bar ta a haka.

In matar aure ce, a fara da maigidanta tun kafin ita ta ji, in budurwa ce a fara da Baba. Ba abin da ya kai ciwon a sa wa mace rai, ta yi kitso ta yi ƙunshi, daren tafiya a ce ba inda za ta. Sa'arki kuwa ko ƙawa, kina iya rubuta mata 'yar takarda ki sa a ambulan: "Asabar mai zuwa, ƙarfe takwas na safe, ki shirya, ki sa takalmi marar tsini." Lallai a sa rana. Kyautar da aka ce "wata rana za mu je" ba a zuwa.

Sannan abin da kowa ke mantawa: wa zai riƙe mata gida? Macen da za ta fita tana lissafin wa zai ɗora tukunya, wa zai shirya yara Islamiyya, gangar jikinta kawai kika ɗauko. Ki samo ƙanwa ko 'yar yayarki ta yini a gidan, ki aika da abincin rana. A wurina wannan shi ne rabin kyautar.

Wace rana, wane lokaci

Daga Maris zuwa Mayu ranar Katsina ba ta wasa, zafi kan haura digiri 40, ba lokacin jan tsohuwa a titi ba ne. Na fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, ga sabon gero da gyaɗa a kasuwa. Disamba da Janairu ma ba laifi, sai dai mai ciwon asma a duba hazo, a tafi da takunkumi da man shafawa. Juma'a ba ranar yawo ba ce, safiyarta gajera ce, kowa hankalinsa na masallaci. Ki kuma bincika a hikimance ko mutuniyar taki na azumin Litinin da Alhamis. A fita da wuri, a san inda azahar za ta riske ku, a dawo gida kafin magariba.

A jaka ta musamman nakan sa buta, dadduma, 'yar tabarma, ruwa mai sanyi, maganin da mutum ke sha kullum, da canji ƙanana na tukwici. Kuɗin komai kuwa a biya a bayan idon mai kyautar. Darasin gidan abincin nan ke nan.

In cikin birni za ku tsaya

Abin mamaki, mu 'yan Ta Dikko ɗakin kara mu ne ba mu san garinmu ba. Baƙo zai taso daga Legas ko Jamus ya ga abin da muke wucewa a Keke Napep kullum ba mu ɗaga kai ba. Rabin yini ya isa, kuma Keke ɗaya da aka yi shata ta wadatar.

Ku fara da hasumiyar Gobarau da sanyin safiya. Ginin ƙasa ce mai tsawon kusan mita 15, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, lokacin da Katsina ta zama matattarar malamai har Shehu Magili ya zo ya zauna a cikinta wajen ƙarshen ƙarni na 15. Hasumiyar babban masallacin gari ce a da, kuma daga samanta ake hango mahara. Dattawan unguwar za su ce miki ta fi haka tsawo a zamanin da. Ki aika a sanar da mai kula da wurin tun jiya, kada ku je ku tarar ya tafi ɗaurin aure. Matakalar ba ta mai ciwon gwiwa ba ce, kuma kada a matsa wa kowa. Inna ta zauna a ƙasa kan tabarma, mu muka hau da yara, muna ɗaga mata hannu tana ce mana mu sauko haka nan.

Daga nan sai gidan adana kayan tarihi, wanda ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe makarantar, a nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Wannan wurin ya fi dacewa da tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin da ya yi ritaya. Na kai Kawuna, wanda ya shekara talatin yana riƙe da alli, ya tsaya cikin ɗaya daga ɗakunan ya yi shiru, ya dafa bango, sai da muka fita ya ce, "Dubi ɗan ɗakin da ya haifi Arewa." Ki nemi ma'aikacin wurin ya zagaya da ku, kada ki ce za ki yi bayanin da kanki. Ki kuma tambaye shi labarin Durɓi ta Kusheyi, maƙabartar sarakunan farko da ke yankin Mani, inda masu binciken tarihi suka tono kayan ado da kwanonin ƙarfe masu shekaru ɗaruruwa.

Saura kuma a mota ake yi: a ratsa ta Ƙofar Soro a ga Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, a bi ƙofofin gari ɗaya bayan ɗaya, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka. Ki bar babba ya yi ta ba da labarin yadda wurin yake da yana yaro, inda ganuwa ta tsaya, inda kududdufi yake kafin a cike shi. Kada ki katse shi da abin da kika karanta a intanet. Dattijon da ke da nasa a maƙabartar Ɗan Marina kuma, in ya nuna yana son tsayawa ya yi addu'a, a tsaya, ko da ba ya cikin tsari.

Abinci: tabarma a inuwa, waina da miyar taushe da aka taho da ita a kula, ko ɗanwake da mai da yaji, a ɗora da fura mai sanyi. Ya fi kowane faranti mai tsada shiga.

Tafiyar Daura

Kusan kilomita 80 ne. In ba ku da mota, a yi shata, amma a yi magana ta ƙare tun kafin ranar: zuwa da dawowa, zaman jira, wa ke zuba mai, kuma ba ɗaukar kowa a hanya. Wannan na ƙarshen ki maimaita shi sau biyu. Direbanmu na farko ya zo ƙarfe tara da rabi maimakon takwas, but cike da buhunan wani, ya ce "ai kan hanya ne Hajiya, minti biyar". Minti biyar ɗin nan ta ci mana kusan awa a wani ƙauye ana neman mai kaya. Tun daga nan rabi nake bayarwa da safe, rabi sai mun sauka ƙofar gida.

Maganar hanya kuma ba a wasa da ita a jihar nan. Ɓangaren Daura ya fi wasu sassan kwanciyar hankali, duk da haka ki tambayi direbobin tasha da safiyar ranar. Wuraren ruwa irin dam ɗin Zoɓe ko na Jibiya suna da daɗin zama, amma ni ba na kai kowa sai na ji ta bakin mutanen wurin a satin, in kuwa aka ce a dakata, na dakata.

Kai tsaye rijiyar Kusugu muka nufa. Yanzu gini ne a kanta, da masu kula da ita. Labarin dai kowa ya sani: maciji mai suna Sarki ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo Bayajidda ya sauka cikin dare ya nemi ruwa, ya je ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, Sarauniya Daurama ta aure shi, daga zuriyarsu aka sami Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Amma gani ya kori ji. Inna ta cire takalmi tun daga ƙofa ba wanda ya ce ta cire. Ta matsa a hankali, ta riƙe hannuna ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Nan ce? Ni a zatona ta kai faɗin tsakar gidanmu." Da mai bayani ya zo inda baƙon ya sauka, ya ce "gidan wata tsohuwa", sai Inna ta ɗaga yatsa: "Ayana sunanta, yaro." Ya yi dariya ya ce, "Gaskiyarki Inna, ke za ki ƙarasa mana." Ta kuwa ƙarasa, har da fasa kan macijin, wasu 'yan makaranta da suka zo ziyara suka zagaye ta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar aurena.

Ki tafi da jarka wankakkiya, don ba wanda ke zuwa Kusugu ya dawo hannu rabbana. Tukwicin masu wurin a ba su a mutunce, a dunƙule, ba a tsaya ciniki ba. Hoto kuwa a ɗauka kaɗan. Na lura da zarar an ɗaga waya babba ya daina kallon abin da ya zo gani, ya koma gyaran mayafi. Ki bari sai an gama, a yi guda biyu masu kyau, ɗaya ki wanke ki sa a firam.

Fadar Sarki ana iya ganinta daga waje a wuce. In ana son shiga, a bi ta hannun wanda ya san fada tun kafin ranar, a gai da dogarai, a yi abin da suka ce. Mai son ganin Daura ta Abdu tushen Hausa cikin adonta sai ya dace da Sallar Gani a watan Maulidi, ko Hawan Magajiya bayan sallah. Amma wannan kyautar matasa ce masu ƙarfin turereniya. Tsohuwa sai in an samo mata wurin zama a sama, nesa da ƙafar dawaki. Mai sha'awar dabbobi kuma, a ƙarasa da shi Mai'aduwa ranar da kasuwa ke ci, ya ga raƙuma da shanu da ake shigowa da su daga Nijar, ko akuya ba zai saya ba.

A dawowa a tsaya a yi tsaraba: ƙuli-ƙuli, rake, kilishi, abin da ya samu. Ki ba ta kuɗin a hannunta ta saya da kanta. Babba ba ya jin ya yi tafiya sai ya dawo ya raba wa maƙwabta wani abu.

Darasin kwalliya a ofis

Wannan ba sai an je ko'ina ba. Mu goma sha ɗaya ne mata a sashenmu, kuma duk wadda za ta yi aure al'adarmu karo-karo a sayi saitin kula. Wata amarya sai da ta tashi da saiti biyar. Da auren ƙaramarmu ya zo, ita kuwa kullum cikin tambaya take yadda ake zana gira, na ce mu ɗauko mai kwalliya ta koya mana gaba ɗaya, ragowar kuɗin a haɗa wa amarya kayan kwalliyarta.

A fara da izinin shugaban wurin, a fili, kada a yi a ɓoye ya zama abin magana. Hutun azahar ba ya isa. Mu ranar Juma'a muka yi bayan an tashi, awa biyu da rabi. A zaɓi ɗaki mai taga babba, don hasken fitila maƙaryaci ne, kuma wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar jan gira. A rufe ƙofa, a sanar da masinja kada namiji ya faɗo.

Wajen zaɓen mai koyarwa a buɗe ido. Iya yi daban, iya koyarwa daban. Ta farko da muka gwada hoda kala ɗaya ta zo da ita, ta shafe wata baƙa kyakkyawa a cikinmu ta koma kamar ta faɗa buhun fulawa, wuya baƙi fuska fara. Ki tambaye ta tun a waya: kala nawa take da su, kuma ta yarda ta yi rabin fuska ta bar wa mai fuskar rabi? Wannan ita ce dabarar da ta fi aiki. Ta yi gefen dama kina kallo a madubi, ke ki yi na hagu tana gyara miki hannu. In ta yi miki duka, kin yi kyau na yini ɗaya, gobe kin koma gidan jiya.

Kowa ta zo da jakar kwalliyarta, da madubi, da ɗankwali biyu. Da abin da kike da shi za a koya miki, ba da abin da ba za ki iya saya ba. Jagira, kwalli da janbaki ba a aro. Ciwon ido irin apolo ta nan yake zagaye ofis cikin sati guda. Burushi da soso a wanke da sabulu tun daren jiya.

Abu uku muka roƙa, kuma su nake ba kowa shawara: gira da ba ta yi kama da an zana da gawayi ba, hoda da za ta jure zufar Katsina daga safe zuwa azahar, da ɗaurin ɗankwali na minti biyu wanda ba ya zamewa a Keke. Kwalliyar biki mai hawa-hawa a bar wa masu sana'ar. Mu masu alwala ne sau biyar. Abin da aka lafta ya yi kauri har ya hana ruwa taɓa fata matsala ne, don haka ta koya mana mai sauƙi, wadda za a wanke a mayar cikin minti biyar. Haka batun farce: lalle rini ne, ruwa na ratsawa, jan farcen kanti kuwa rufi yake yi.

Tunda an zo kan lalle: jan lalle na ganye bai cika cutar da mutum ba, amma baƙin da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi yana tayar wa wasu da ƙuraje har da ƙuna. A gwada ɗan ɗigo a cikin hannu kwana biyu kafin a yi wa amarya. Kwallin dutse na gargajiya kuma wani yana ɗauke da dalma, shi ya sa likitoci ke hana sa wa jarirai a ido. Sharaɗi na ƙarshe da muka kafa wa mai koyarwar: ba tallan man bilicin. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan mayukan nan, kuma mun zo koyon gyara fatar da Allah ya ba mu ne. Waya kuma duk a jaka. Ba wadda za ta ga kanta ba ɗankwali a WhatsApp ɗin wata.

An yi dariya ranar har da hawaye, musamman da babbarmu, wadda ke gab da ritaya, ta zana gira ɗaya sama ɗaya ƙasa ta ce ita haka take so, mai mamaki. Muka rufe da zoɓo da cincin. Amarya ta tafi da 'yar jakarta da hodar da ta dace da fatarta, kuma har yau ita ke ɗaura wa rabin ofis ɗankwali in za a je biki.

Maza da yara

Maigidana shi ne mai maganar doki. Katsina garin doki ce: Sarki Muhammadu Dikko ne ya kafa wasan folo a nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna da shi har ƙasashen waje, kuma duk wanda ya tashi a birni ya sha tsayawa kallon hawan sallah. Amma kallo daban, hawa daban. Ta hannun yayana na samu wani mai kiwon dawaki, aka shirya awa ɗaya da la'asar a fili bayan gari. Abin da za ki nanata shi ne a ba shi doki mai sanyin hali, irin wanda ya saba ɗaukar angwaye, ba na sukuwa ba, kuma mai dokin ya riƙe linzami har sai ya zauna daidai. A bar babbar riga a gida. Kada a gayyaci abokansa. Namiji ba ya son a ga ranar da ya fara koyon abu. Kwana biyu yana tafiya kamar an yi masa kaciya, amma hoton na nan a kan wayarsa.

Mai son ƙwallo a saya masa tikiti shi da ɗansa su je filin wasa na Muhammadu Dikko ranar da Katsina United ke gida. Dattijo kuma sau da yawa ba wuri yake so ba, mutum yake so: abokin da suka yi makarantar allo tare, wanda rabonsu da juna shekara ashirin. Ki kai shi, ki ajiye goro da lemo, ki ba su wuri.

Yara ba su da wuya. Rabin yini wurin mai ginin tukwane, ko maƙeri, ko baduku, da izininsa da ɗan abin hasafi, su taɓa yumɓu da hannunsu, su ga yadda ake zuga wuta. Ɗana ya dawo da wani karkataccen kasko da ya gina, ya hana kowa taɓawa.

Ruwan Kusugu kuwa wata guda Inna tana rabonsa a murfin kofi, duk wadda ta shigo sai ta kurɓa ta kuma ji yadda aka gyara wa mai bayani zance. Atamfofin suna nan, sun zama goma sha biyar, ƙanwata ba ta ji magana ba. Shekaranjiya ina yanke mata farce jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa zai sauka, ta bi shi da ido har ya ɓace bayan dogonyaro, ta ce, "Wai da gaske ƙafafu gare shi kamar mota?" Na ce eh, Inna. Da ta shiga ɗaki na ɗauko waya na rubuta.